Malam Zakir da Muryar da Aka Ce Mu Goge

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za a tattara mu. Ranar Laraba 16 ga Afrilu, 2025, daidai da 18 ga Shawwal, da hantsi, Malam Zakir Hammadu ya cika a gidansu da ke Gashuwa, bayan shekara uku yana fama da ciwon ƙoda. Shekarunsa hamsin da biyu, ashirin da bakwai daga ciki a gaban allon firamare ya yi su yana koyar da Turanci. Ya bar matarsa Malama Saudatu da 'ya'ya huɗu. An yi masa sutura bayan azahar, cikin irin zafin nan namu na bazara da ƙasa ke cin ƙafa ta cikin takalmi.

Ni Ibram Maiturare ne, na Nguru. Ba ɗan'uwansa ba ne ni, ba kuma abokin aikinsa ba. Na so in yi shiru in bar masu jini ɗaya da shi su yi magana. To sun yi, kuma abin da suka faɗa shi ya sa na ɗauki biro. Ran sadakar uku, yayansa Malam Ridwanu ya miƙe a tsakiyar jama'a ya ce duk wanda yake da muryar marigayi a wayarsa ya ji tsoron Allah ya goge. Wai ƙanensa ya ƙare rayuwarsa yana sauraron labaran matsafa da dodanni yana yaɗa su, kuma muddin muryar tana yawo, zunubi zai riƙa iske shi a kabari. Kafin la'asar an sa wannan magana a waya an raba wa gari. Ashe tun kafin nan ya riga ya kai wayar marigayin wajen masu gyara an share ta tas. Mutane da yawa suka goge nasu don kunyar gidan. Ni ban goge ba. Murya arba'in da bakwai ya ɗauka, kuma iya bincikena a wurina kaɗai suka rage cikakku. Don haka wannan ta'aziyya ce, amma kada wani ya zaci zai ji sanyi a cikinta.

Zakir, bari in fara da kai, don kai ma ban ƙyale ka ba.

Ran da na fara ganin ka raina ɓaci ya yi. Babban shagona na Nguru yana kan hanyar da ta fito daga asibiti ta nufi tasha, akwai benci a ƙofa. Na fito na tarar da wani siririn mutum a zaune, hannunsa na hagu naɗe da bandeji, ya toshe kunnuwansa da igiyar waya. Na yi sallama, shiru. Na sake, shiru. Ni kuwa mutum ne da ya fara da tire a ka a tashar jirgin ƙasa, ina bin taragu da 'yan kwalaben turare, har Allah ya kai ni ga shago uku, biyu a Nguru ɗaya a Gashuwa. Ba wanda ya ɗaga ni, saboda haka ba na ɗaukar raini. Na taɓa kafaɗarka na ce, "Malam, bencin na gado ne?" Ka zare igiya ɗaya, ka dube ni sama da ƙasa, ka ce, "Yi haƙuri Alhaji, ina aji." Na ce, "Wane irin aji a ƙofar shagona?" Miƙo mini igiyar kawai ka yi. Na sa a kunne, sai na ji wata tsohuwar Baturiya tana zuba Turanci, tana tari, ana jin motsin kujeru da dariyar ɗalibai.

A ranar ka yi mini bayanin abin da ban taɓa ji ba, cewa akwai jami'o'in ƙasashen waje da ke ɗaukar laccocin malamansu su zuba a intanet kyauta, kowa ya sauke ya ji, ba rajista ba katin shiga. Kai wanda ka kama shi ne darasin wannan Farfesa a kan tsofaffin littattafan almara, irin waɗanda marubucin zai ƙagi duniyar da babu ita, ya zana mata taswira, ya yi mata koguna da duwatsu da dodanni da harshen kanta. Litinin da Alhamis kana tasowa daga Gashuwa a motar haya, a jona ka da injin wankin ƙoda awa huɗu, in an sake ka ka zo bencina ka jira jiri ya sauka kafin ka koma tasha. Ka ce mini mutum a kan gadon nan abu biyu gare shi, ko ya zuba wa jininsa ido yana fita ta roba yana komawa, ko ya nemi inda zai kai hankalinsa. Kai ka kai naka aji.

Ni sakandare na gama, da ƙyar, kuma sau biyu ina faɗuwa Turanci. Ba na ɓoyewa, don ba takarda ce ta gina mini shago ba. Na gaya maka haka don ka rabu da ni, sai ka rage gudun maganar Farfesa a waya har ta koma kamar mai magana cikin magagin barci, ka ce yanzu ba ni da hujja.

Dabararka ce ta kama ni. A laccocin nan in ɗalibi ya yi tambaya daga bayan aji ba a jin abin da ya ce, sai wani gunaguni, sannan a ji amsar Farfesa. Kai sai ka bari ta gama, ka tsayar, ka juyo ka ce, "To Maiturare, me aka tambaye ta?" In yi ta lalube. In na dace ka ce, "Ashe akwai kai a ƙarƙashin hular." In na kuskure ka mayar da ita baya mu sake, ko da masu sayayya na tsaye suna jira na. Ka ce wanda ya iya gano tambaya daga amsa shi ya fahimci darasi, wanda bai iya ba sauti kawai ya ji. Shekara shida na yi a sakandare, ba malamin da ya taɓa matsa mini haka.

Kuma ba ka da sauƙi, wannan sai na faɗa. Ka hana a tsallake lacca. Wata rana na gaji da ta bakwai, wadda take kan yadda marubutan nan suke ƙirƙirar harsunan ƙarya, na tsallaka ni kaɗai zuwa ta goma sha biyu inda ake maganar yaƙi. Ran Litinin tambaya ɗaya ka yi mini ka gane. A gaban mata uku da suka zo sayen humra ka ce, "Alhaji ya saba karɓar kaya a haɗe, bai san yadda ake jiƙa itace ba." Ni! Ni da na koyi haɗa turaren wuta a hannun kakata tun ban kai tsawon turmi ba. Wata biyu ban yi maka magana ba. Kai kuma don taurin kai ba ka fasa zama a bencina ba, sai dai ka juya mini baya. Har yau ina nan a kan bakana, kai ne da laifi, bai kamata ka faɗa a gaban mata ba. Amma na koma na saurari ta bakwai, da ta takwas, har ta goma sha ɗaya, sannan na fito na ce maka ka matso ciki, rana ta iso inda kake. Ka matso, ka miƙo igiya.

Littattafan kansu ba a samun su a Nguru ko Gashuwa. Tsofaffin da aka saki kyauta a intanet kana karanta su a fasasshen gilashin wayarka har idonka ya fara gazawa. Na sa aka buga maka guda biyu da manyan baƙaƙe aka ɗinke su. Ka karɓa, ka juya, ka juya, maimakon godiya sai ka ce an kifa shafi na tamanin. Wallahi ranar kaɗan ya rage in karɓe abuna.

Yanzu ga asalin muryoyin da ake faɗa a kansu, don wanda bai sani ba ya sani. Waɗanda gadonsu ke kusa da naka a ɗakin wankin suka fara tambayar me kake ji kake murmushi kai kaɗai. Sai ka fara juya musu da Hausa. Ka ji na rabin awa, ka cire igiya, ka ba su labarin da ake magana a kai, sannan ka faɗa musu abin da Farfesa ta ce game da shi, da inda kai ba ka yarda da ita ba. Wata nas ce ta ce ka riƙa ɗauka a waya saboda masu zuwa Talata da Juma'a su ma su samu. Haka aka tara arba'in da bakwai. Kowacce sai ka turo mini, wai ni ne ɗalibinka mafi daƙiƙanci kuma mafi naci.

Akwai wata tsohuwa daga Yusufari, Ya Fanne. Ran da aka fara jona ta, ta ga jininta yana tafiya a roba, ta rantse ba za ta dawo ba, gara ta mutu a ɗakinta. 'Ya'yanta suka yi ta magiya aka samu ta zo na biyu, aka kwantar da ita kusa da kai. Tana cikin murya ta goma sha tara. Farfesa ta yi bayanin wata ƙa'ida da ke yawo a tsofaffin labaran nan, cewa wanda ya shiga ƙasar mutanen ɓoye ya ci abincinsu ba ya dawowa gida. Ka gama fassarawa, sai aka ji Ya Fanne daga gadonta, da Hausarta mai nauyi:

"Malam, wannan matar shekarunta nawa?"

Ka ce, "Za ta kai saba'in, Ya Fanne."

Ta ce, "Sai yanzu ta san wannan? Mu tun muna goye aka gaya mana kada mu karɓi dabino a hannun wanda ba shi da sawu a rairayi. Ka ce mata ta zo Yusufari in ƙara mata karatu."

Ɗakin ya kwashe da dariya, har da kai, har injinka ya yi ƙara nas ta zo ta yi maka faɗa ka daina motsa hannu. Wata takwas Ya Fanne ta yi tana zuwa ba fashi, wai tana so ta ji inda matar nan za ta sake yin kuskure. Ta rasu a daminar bara. A cikin mutum goma sha ɗaya da ake jin muryarsu a waɗannan ɗauke-ɗauke, suna tambaya, suna gardama, suna tsokanar juna, bakwai sun riga ka tafiya. Malam Ridwanu, da ka ce a goge, ka nemi izinin 'ya'yan Ya Fanne? Ko ita ma ƙanwarka ce?

Ni ba malami ba ne, ba zan yi fatawa ba. Shaida kawai zan bayar, a kan abin da kunnena ya ji. Na saurari arba'in da bakwai ɗin nan kaf, wasu sau uku. Kowacce da bisimilla marigayi ya buɗe, sannan ya ce, "Jama'a, abin da za ku ji ƙage ne, wanda ya rubuta shi ma ya ce ƙage ne. Mu abin da muke nema shi ne me ya sa mutum mai hankali ya zauna ya ƙaga shi." Babu inda ya koyar da tsafi, babu inda ya yabe shi. Abin da ya fi nanatawa ma shi ne, a labaran nan duk wanda ya nemi ƙarfi ta ɓoyayyiyar hanya sai ya biya da wani abu nasa, ido ko ɗa ko suna, kuma ba a taɓa gaya masa tun farko. Akwai lacca guda a kan dalilin da ya sa jarumi in ya gama yawonsa ya dawo gida, gidan yake yi masa ƙanƙanta, mutanen gida kuma su ƙi tambayar sa abin da ya gani. Ranar, Zakir, da ka gama fassarawa sai ka ce, "Wannan kam mun san shi, mu 'yan ɗakin nan." Ba wanda ya yi dariya. To wannan shi ne zunubin da ake gudun ya bi ka.

Ba Malam Ridwanu kaɗai nake da magana da shi ba. A wurin zaman makoki akwai wani ɗan kawunsu da ya zo daga Abuja, Dakta Ismail, da babbar riga da gilashi. Ya girgiza kai ya ce, "Allah sarki Zakir, da ya samu dama da ya yi karatu na gaske. Wannan ai sauraron rediyo ne, ba jarrabawa, ba takarda." Ban tanka ba don a kan tabarmar makoki muke. Yanzu mun tashi. Dakta, a duk digirorin nan naka, akwai darasi guda da ka koma ka ji sau uku ba don jarrabawa ba? Akwai wanda ka taɓa juyawa da Hausa har tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta yi gardama da shi? Mutumin nan da allura biyu a hannunsa ya gama darasi biyu cikakku ya shiga na uku. Kai da lafiyarka da motarka, sau nawa ka kira shi a shekara uku? Takardarka ka ajiye ta, ba wanda ya roƙe ka. Amma kada ka sake auna ɗan'uwanka da ita.

Kwana biyar da rasuwar, Malam Ridwanu ya zo har shagona a Nguru. Na ba shi kujera, na yi masa gaisuwa yadda ta kamata. Ya ce, "Alhaji Ibram, an ce kai ne ka riƙe."

Na ce, "Ni ne, Malam."

"To ka taimaki ɗan'uwanka Musulmi, ka goge a gabana."

Na ce, "Ka ji ko guda?"

"Ba sai na ji ba. Na san abin da ke ciki."

Na ce, "Ga lasifika nan. Zaɓi lamba daga ɗaya zuwa arba'in da bakwai, duk wadda ka ga dama. In ka ji kalma ɗaya da ta kauce, da hannuna zan goge duka."

Ya ce, "Ba zan sa kunnena a shirme ba. Kai mai turare ne, Alhaji, wannan ba fagenka ba ne."

Na ce, "Gaskiyarka, Malam. Amma ni ko turaren ba na cewa ya lalace sai na buɗe kwalba na shinshina."

Ya ce, "Ni ne babba a gidan."

Na ce, "Babba a gidan, shekara uku ina ganin masu rako shi asibiti, ban taɓa ganin ka a ƙofar nan ba sai yau."

Ya miƙe yana kaɗa riga, ya ce zan amsa a gaban Allah. Na ce masa tare za mu tsaya.

Ba zan zalunce ka ba, Malam Ridwanu. Sau biyu ka ba shi jininka, na sani. Marayun nan daga rumbunka suke ci, wannan ma na sani. Ban ce ba ka son ƙanenka ba, tsoro kake yi masa, na yarda. Amma ka yanke wa mutum hukunci a gaban jama'a, kwana uku da binne shi, a kan maganar da ba ka ji ba. Ka tsaya a inda ake neman shaidar alheri ga mamaci ka ba da shaidar da ba ka gani ba. Ka ɗauki wayarsa tun zafin mutuwarsa bai huce a zukatan iyalinsa ba ka kai kasuwa, aka share har da hotunansa da 'ya'yansa. Kuma a duk wannan ba ka leƙa ɗakin matarsa ka ce mata me kika gani ba. Wannan ne ban yafe ba, kuma ba ni da niyyar yafewa kwanan nan.

Ku kuma da kuka goge, ku da kuka kwanta gado da gado da shi, da ku 'yan rakiya da kuke cewa ya turo muku ta wannan makon, na ji uzurinku, kunya. Kun ji abin da ke ciki da kunnenku, kun san babu komai, amma ba wanda ya iya buɗe baki a wurin ya ce Malam ba haka ba ne. Ni ma ban buɗe ba, kuma shi ne abin da ya fi ci mini rai a duk wannan al'amari.

Washegarin zuwan Malam Ridwanu na tafi Gashuwa, don na ga in akwai mai iko da muryar nan to matarsa ce da 'ya'yansa, ba ni ba, ba yayansa ba. Malama Saudatu tana takaba. Na tsaya daga bakin ƙofa, tana bayan labule, gwaggonta na zaune a waje kusa da ni. Na gaya mata abin da ke hannuna da abin da aka ce in yi da shi. 

Ta ce, "Alhaji, ni ban taɓa jin ko ɗaya ba. Malam ba ya kunnawa a gida saboda Yaya. In ya dawo daga Nguru a gajiye yake dawowa, sai kwanciya. Shekara uku abin da na sani na muryarsa nishi ne, da 'ba ni ruwa kaɗan', shi ma likita ya hana. An ce a ciki yana dariya?"

Na ce, "Yana yi, Malama. Sosai."

Gwaggon ta sunkuyar da kai. Can sai Malama ta ce, "To ka kawo mini. Amma da sharaɗi, kada ka bar ko ɗaya a wurinka."

Na ce, "Malama, ki yi tunani. Gida ɗaya kuke da Malam Ridwanu."

Ta ce, "Na sani. Zan saurare su duka, ina da lokaci, ba inda za ni. In na gama zan kai wa malamin da na yarda da shi, wanda zai zauna ya ji da kunnensa. In ya ce babu laifi, zan mayar maka ka raba wa duk wanda yake so. In ya ce akwai abin da zai cutar da Malam inda yake, ni zan goge. Kuma ina so in na goge ya gogu, kada ya zama yana can a wani wuri ban sani ba. Mijina ne, Alhaji."

Na yi ta kawo mata dalilai, ta saurare ni har ƙarshe, ba ta canza ba. Ni a sana'ata ban taɓa sakin wani haɗi ba tare da na ajiye samfurinsa ba, kuma da na so, da na ajiye wannan ma ba wanda zai sani. Na koma Nguru da niyyar hakan. Amma mata ce ta nemi amana daga bayan labule, ba ta da yadda za ta bincike ni, kuma ni Ibram ba a taɓa kama ni da cin amana ba, ba zan fara a kan mai takaba ba. Ran kwana bakwai na tattara duka a katin memori guda, na kai Gashuwa, na sa a hannun gwaggonta, sannan a gabanta na goge na wayata da na kwamfutar shago ɗaya bayan ɗaya. 

Ka ga bambancin, Malam Ridwanu? Ita ma tana iya gogewa. Amma za ta ji tukuna.

Da izininta nake wannan rubutu, kuma ita ta ce in faɗi inda katin yake. Yana ɗakinta. Ɗan ƙaramin abu ne, bai kai farcen yatsa ba, kuma babu wani a bayansa. Takabarta za ta ƙare a ƙarshen watan Safar. In kafin nan aka ce ya ɓace, ko ya faɗa ruwa, ko an share ɗaki an haɗa da shi, to Nguru da Gashuwa sun karanta wannan, sun san ƙofar da za a ƙwanƙwasa, kuma ni zan fara isa. In kuwa ita da kanta ta ji, ta tambaya, ta yanke, ko wane iri ne hukuncin, ba wanda zai ji bakina.

Zakir, ban sani ba ko zan sake jin muryarka. Na sa ta a hannun wadda ta fi ni haƙƙi a kanta, na dawo hannu wofi. Allah ya gafarta maka abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Allah ya sa wahalar shekara ukun nan ta zama kankarar zunubi, ya yalwata maka kabari ya haskaka shi, ya shayar da kai ruwan da ba a auna wa mai sha. In akwai kuskure a abin da ka faɗa, Allah ya dubi marasa lafiyar da ka ɗebe wa kewa ya yafe maka. In alheri ne, ya kare shi daga hannun masu gaggawa, ya sa ladansa ya riƙa iske ka. Allah ya jiƙan Ya Fanne da sauran 'yan ɗakin da suka riga mu, ya ba waɗanda ke kwance lafiya.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Malama Saudatu, Allah ya ƙarfafa zuciyarki ya nuna miki daidai. Ga Hafiza da Mardiyya da Nuraini da Hammadu, Allah ya raya ku ya yi muku albarka, ubanku mutumin kirki ne mai ilimi, duk wanda ya gaya muku saɓanin haka ku aiko shi wurina. Ga malaman firamare na Gashuwa da suka yi aiki da shi, da ɗaliban da ya koyar, Allah ya ba mu haƙuri baki ɗaya.

Kai ma Malam Ridwanu, ƙanenka ne ya rasu, ta'aziyya haƙƙinka ce, ga ta na yi maka. Allah ya ba ka haƙurin rashi, ya saka maka riƙon marayu, ya kuma ba ka haƙurin sauraro kafin hukunci. Amin.

Ibram Maiturare, Nguru.